Layin Manaja

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na faɗo daga saman shagona. Tsanin da ya karye da ni, da hannuna na haɗa shi, ni da na shekara talatin ina kafinta. Duk wanda ya zo sannu na ce masa aro na yi.

Ba gyaran kwano ya kai ni sama ba, sabis na hau nema. Yau kwana goma sha uku da rufe wa garin nan waya. Ba kira, ba intanet. Ba wanda ya faɗa mana dalili, sai wata farar mota mai lasifika da ta zaga ta ce don amfaninmu ne. Abin da aka bar mana gajeren saƙo ne kawai, daga sha biyun rana zuwa ƙarfe ɗaya, shi ma sai ka hau sama ka miƙa hannu kamar mai tsinkar mangwaro.

Ni ƙafa na gurɗe. Wayar Manaja kuwa cikin durom ɗin ruwa ta faɗa.

Manaja matata ce. Ni na sa mata sunan, don ita ke riƙe da komai na gidan nan har da ni. Wayarta tana hannuna tun ranar da na dawo daga asibitin da muka tafi mu biyu, ni da jakarta kawai. Kwana tara ke nan. Ba zan rubuta kalmar ba. Littafin awo ne wannan, na tsawon ƙofa da faɗin taga, ba don irin wannan na saye shi ba.

'Yarmu ɗaya ce, Dakta. Tana can nesa tana karatun haɗa magani, tafiyar kwana biyu a mota lokacin da hanya take buɗe. Shekara biyar ta yi tana abu ɗaya, takardar jarrabawarta ta ƙarshe ranar Alhamis 24 ga wata. Ba ta sani ba. Washegarin dawowata daga asibiti, saƙonta ya shigo wayar uwarta: "Umma, ya jikin?" Na daɗe ina kallonsa, sai na ga babban yatsana ya rubuta: "Da sauƙi. Ki yi karatu." Tun daga nan, kullum sha biyu zuwa ɗaya ni ne Umma.

Na ɗingisa na kai wayar wurin Injiniya mai gyaran waya, sa'ana ne, tun muna yara muke zagin juna. Ya buɗe bayanta, ruwa ya zubo masa a cinya.

Ya ce, "Kafinta, wannan kam sai dai a yi mata addu'a."

Sai ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai. Ya ciro sim ɗin ya goge da bakin rigarsa, ya sa min a tsohuwar 'yar wayata mai tocila.

Akwai abin da ban faɗa masa ba. A cikin waccan wayar akwai saƙo biyar da Manaja ta rubuta a gadon asibiti, kowanne da alamar ɗan agogo a gefe, wato bai tafi ba. Huɗu nawa, ɗaya dogo na Dakta. Ban buɗe ko ɗaya ba, na ce sai na samu natsuwa. To ga shi ruwan durom ya riga ni karantawa.

Lahadi, 6 ga wata, da hantsi

Yaya ta zo, wadda nake bi. Ta share tsakar gida, ta jingine tsintsiya.

"Ka faɗa wa yarinyar nan?"

"Da me, Yaya? A saƙo? In aika mata maganar uwarta kamar tallar kamfani?"

"Ita ƙaryar tana shiga saƙon ke nan."

"Ai ita ba ta cin wuri."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce tun ina ɗan shekara shida, in na fasa kwano sai in yi ta rawa a tsakar gida don kada a duba ƙasa. Ta ce dangi sun yarda sun yi shiru zuwa 24 ga wata saboda karatun, daga nan ita ba ruwanta, ko a ƙafa ne za ta je ta faɗa.

Takalman Manaja suna bakin ƙofar ɗaki. Yaya ta share kewayensu ta bar su.

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe biyu

Tunda ba tsani, na bi jama'a zuwa kangon benen nan da ba a ƙarasa ba a bayan tasha. Hawa huɗu. Da ƙafar nan na yi minti ashirin.

A saman, mutum ya fi ɗari, kuma ba mai magana. Kowa hannu a sama, ido a waya, duk mun fuskanci ƙarfen sabis ɗin da ke tsallaken titi. An ce an kashe shi, amma jar fitilarsa tana ci da tsakar rana. Da can tsuntsaye cike suke a kansa. Yau na duba, ko ɗaya babu.

A gindin matakala akwai mutum biyu da littafi, suna rubuta lambar duk wanda zai hau. Ba su da kaki. Na ba su lamba biyu. Ɗayan ya ce, "Ta biyun ta wa?" Na ce ta maiɗakina ce, ƙafarta ba ta hawa bene. Ya rubuta.

Na tsara wa kaina dokokin zama Umma. Ɗaya, gajeren rubutu. Biyu, a rufe da "Ki ci abinci." Uku, ba wasa. Manaja ba ta wasa a saƙo. A baki ma sau ɗaya take yi a shekara, kuma a kaina yake ƙarewa.

Laraba, 9 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi



Ina saman kangon, 'yar wayar da ke da sim ɗin Manaja tana aljihuna na hagu, na riga na gama aikin Umma. Sai tawa wayar ta yi ƙara a hannuna. Na duba, sunan Manaja.

"Me kake yi a can har yanzu? Ka dawo."

Na dafa aljihu. Wayar tana nan, a kulle. Na waiwaya, kowa hannunsa a sama, ba mai kallona.

Na sauko hawa huɗu ban tuna ina da ƙafa ba.

Alhamis, 10 ga wata, da safe

Injiniya ya karanta saƙon sau biyu, ya duba rana da lokacin da aka rubuta shi, ya nuna min da farce. Tsohon saƙo ne, na kwana na biyu a asibiti, ranar da na fita neman magani na yi awa uku.

Ya rage murya duk da ba kowa a shagon. Ya ce ashe saƙonnin sun bar wayar tun a lokacin. Duk abin da aka rubuta a kwanakin farko na rufewa an tara shi a injin kamfani, ana tacewa, ana sako shi kaɗan-kaɗan.

Na ce, "Wa ke tacewa?"

Ya ce, "Kafinta, ni batir nake canzawa."

Na yi dariya, na ce ashe Manaja ko ta tafi sai ta bi layi. Sai da na kai bakin titi lissafin ya faɗo min. In sauran nawa uku suna can sama a injin kamfani, dogon nan na Dakta shi ma yana sama. Ranar da mai tacewa ya ga dama zai sauka a hannunta. Na san matata. Ba gaisuwa ta zauna ta rubuta mai tsawo haka ba.

Juma'a, 11 ga wata

Ba saƙo. Na feƙe fensir sau uku ban auna komai ba.

Asabar, 12 ga wata, ƙarfe uku

Na karya doka ta uku.

Dakta ta rubuto: "Umma, ina Baba? Ba ya ko gaishe ni." Gaskiyarta, na shagala da zama uwarta na manta ina da nawa layin. Sai na amsa: "Ya faɗo daga tsanin da ya haɗa. Alhamdu lillahi ƙasa ba ta ji ciwo ba."

Na tura kafin hankalina ya iso. Minti goma ba amsa. Sannan: "Umma, yaushe kika fara barkwanci?"

Na rubuta: "Zama da babanki. Ki ci abinci."

Ƙarfe ɗaya ta buga, sabis ya ɗauke, hannaye ɗari suka sauko tare.

Litinin, 14 ga wata, bayan la'asar

Farar motar ta sake zagawa. Sabuwar doka. Kowane mai layi ya je ofishin rajista ya nuna fuskarsa ga na'ura kafin ƙarfe huɗu na Litinin mai zuwa, 21 ga wata. Layin da mai shi bai zo ba za a rufe shi, da duk abin da ke maƙale a kansa.

Injiniya ya biyo ni har shago, abin da bai taɓa yi ba sai in kujerarsa ta karye.

"Ka ji? To ga mafitarka. Ka zauna abinka. Litinin su rufe layin, dogon saƙon ya bi ruwa, yarinya ta yi jarrabawarta lafiya. Sai ka ce mata layin Umma ne ya samu matsala."

"In an rufe, ba ya dawowa?"

"Har abada. Bayan wata uku ma su sayar wa wani lambar."

Na ce to madalla, Allah ya yi wa gwamnati albarka, karon farko ta yi min aiki ban cika takarda ba. Ya yi dariya, ni ma na yi. Bayan ya tafi na zauna ina tunanin wani ƙato mai gemu yana amsa waya da lambar Manaja.

Abin da ta rubuta wa 'yarta da hannun da ake sa mata ruwa. Babu shi a ko'ina sai a can sama.

Talata, 15 ga wata, ƙarfe biyu

Na biyu ya sauko.

"Akwai sanyi a nan. Ka zo min da bargo."

Na san ɗakin asibitin take nufi, fankarsu ba ta kashuwa. Na sani sarai. Amma ban san lokacin da na iso gida ba, sai ganina na yi a bakin ƙofar waje, rana tana dukan kaina, da bargonta mai ruwan ƙasa a ninke a hammata. Wata maƙwabciya ta ce, "Baban Dakta, wanki za a kai?" Na ce e.

Na koma na shimfiɗa shi a gefenta na gado.

Waccan ranar ban kai mata ba. Saƙon bai zo ba, ita kuma da na shiga ba ta sake tambaya ba.

Laraba, 16 ga wata, da yamma

Na je ofishin rajista don nawa layin. Tsohon ɗakin taro ne, an jera tebur shida, kowanne da na'ura mai ido ɗaya a kan sanda. Layi har waje, amma shiru kamar a saman kango. Mutanen garin nan sun koyi shiru cikin sati uku, abin da malamanmu suka kasa koya mana.

Ma'aikaciyar da na samu ba za ta wuce sa'ar Dakta ba. Ta gama da nawa, sai na ce, "'Yata, akwai na maiɗakina."

"Ta zo da kanta, Baba."

"Ba ta da halin zuwa."

"Tafiya ta yi?"

"E."

"Yaushe za ta dawo?"

Na ce ba ta faɗa min ba, ai kin san mata. Ta nemi lambar, na ba ta. Ta danna, sai ga fuskar Manaja ta cika gilashin, hoton da aka ɗauke ta shekara takwas da suka wuce, da ɗankwalin nan mai ɗigo-ɗigo. Kallon da take min in na dawo da canji bai cika ba, shi take min.

Yarinyar ta ce, "Ai layin yana aiki. Jiya ma ta tura saƙo biyu."

Ɗaya nawa ne. Ɗayan na bargo.

Ta dube ni da kyau, ta dubi ƙafata, ta rage murya. Ta ce akwai wata hanya, in mai layi ya riga mu gidan gaskiya. Magaji ya kawo takardar asibiti, ya tsaya gaban na'ura, ya faɗi sunan mai layin da ranar da abin da ya faru, da bakinsa, a naɗa. Sai a mayar da layin sunansa, komai ya zauna yadda yake.

Na ce, "Allah ya kiyaye, wa ya kawo wannan magana?" Na tambaye ta ko teburinta yana girgiɗi in zo in sa masa ƙusa. Ta ce a'a, Baba.

Takardar tana asibiti. Tun ranar suka ce in dawo in karɓa.

Alhamis, 17 ga wata

Dakta ta ce takarda ta uku ta yi kyau. Umma ta ce Allah ya yi albarka, ki ci abinci. Umman nan tana da gemu kuma tana ɗingishi.

Juma'a, 18 ga wata, ƙarfe uku da kwata

Na uku.

"Ina jin muryarka a waje kana ba masu gadi dariya. Ka shigo."

Na duba rana, na duba lokaci. Ban kai wa Injiniya wannan ba.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ranar ƙarshe ce, wajen sha ɗaya na safe. Numfashinta ya canza, ni kuma ban iya zama kusa da wannan sautin ba. Na ce mata zan je in duba likita. Ban je ba. Na tsaya a ƙarƙashin tagarta wurin masu gadi, ina ba su labarin mutumin da ya sa na yi masa gado, ya dawo ya ce gadon ya yi masa gajere, ashe ta faɗin gadon yake kwanciya. Sun yi dariya har ɗaya ya riƙe ciki. Na ƙara musu wani, na ƙara wani. Wayata tana aljihu, ba sabis, ban ji komai ba. Taku ashirin ne tsakanina da ita.

Da na shiga an riga an ja labule.

Ashe tana ji. Abin da ta ji na ƙarshe daga bakina ke nan, labarin gado.

Yau a gindin matakala mai littafin ya ce, "Ya ƙafar maiɗakin?" Na ce da sauƙi.

Asabar, 19 ga wata, da yamma

Na wuni ina haɗa tsani. Ba wanda ya sa ni, kuma ba inda zan hau. Matakala goma sha biyu, kowace ƙusa huɗu.

Yaya ta same ni a kai. Na faɗa mata komai, saƙonni, Litinin, shawarar Injiniya. Na ɗauka za ta yi faɗa. Ta zauna a kan bencin da ban gama ba.

"Dogon nan, sunan wa ke kai?"

"Na Dakta."

"To kai meye naka a ciki?"

"Yaya, in ya sauka kafin Alhamis fa? Shekara biyar."

"Zai iya. Zai iya kuma kaiwa wata. Wannan ba ka da iko da shi. Amma in aka goge, kai ka goge." Ta miƙe tana karkaɗe zani. "Karatu ana sake shi. Uwarta ba za ta sake rubuta mata komai ba."

Na ce Yaya da kin yi boko da yanzu ke ce mai tacewa. Ta ce da na yi boko da ban bar ka da fensir ba.

Lahadi, 20 ga wata, ƙarfe ɗaya da minti biyar

"Umma, ina son jin muryarki kafin Alhamis. Ko tari ne."

Na rubuta na goge har lokaci ya ƙare. Yau Umma ba ta amsa ba.

Litinin, 21 ga wata, bayan magariba

Na tafi asibiti da sassafe. Na bi ta ƙofar baya don kada masu gadi su gan ni, amma ɗaya ya hango ni ya ɗaga hannu yana dariya: "Mai labarin gado!" Na ɗaga masa.

Takardar rabin shafi ce. Sunanta, rana, lokaci, hatimi. Na ninke ta huɗu na sa a aljihun da wayarta take.

A ofishin rajista layi ya zagaye ginin, kowa ya bari sai ranar ƙarshe kamar ni. Na bar mutum uku suka wuce gabana da sunan ladabi. Ƙarfe uku da rabi na ga ba sauran wanda zan ba hanya. Teburin yarinyar nan na zaɓa. Na ajiye takardar, ta buɗe, ta jawo min kujera ta juyo da idon na'urar.

"Ka kalli nan, Baba. Sunanta, rana, da abin da ya faru."

Na faɗa. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja.

"Baba, ka daina murmushi. Ba ta karɓar fuska mai dariya."

Wallahi ban san ina yi ba. Na ce mata haka fuskar take, da ita aka haife ni. Na sake, ta sake nuna ja. Mutanen bayana sun fara gyaran murya, agogon bango saura minti goma sha biyu. Yarinyar ta danna wani abu, ta juyo min da gilashin, fuskar Manaja da ɗankwali mai ɗigo.

"Kalle ta ita, ka faɗa."

Na kalle ta na faɗa. Na'urar ta nuna kore.

Ban san yadda fuskata ta koma ba, amma yarinyar ta kau da kai tana gyara takardun da ba su hargitse ba. Hoton Manaja ya ɗauke daga gilashin, nawa ya hau.

Layin yana raye. Dogon saƙon yana sama. Saura kwana uku.

Talata, 22 ga wata, ƙarfe ɗaya da kwata

Na tura: "Ya karatu? Ki ci abinci." Ba amsa. Wataƙila tana ɗakin karatu.

Laraba, 23 ga wata, ƙarfe biyu

Dakta shiru. Na tura uku a matsayin Umma, ɗaya a matsayin kaina. Shiru.

Ana saura minti biyu a ɗauke sabis, na huɗu ya sauko, na ƙarshen nawa. Minti shida tsakaninsa da na masu gadi.

"Baban Dakta, ka"

Shi ke nan. Ba ta ƙarasa ba, ko dai yatsanta ya taɓa turawa.

Na wuni ina ƙarasa mata. Ka shigo. Ka yi shiru. Ka kawo ruwa. Ka ji tsoron Allah. Duk sun yi kama da ita.

Jar fitilar nan yau ba ta ci. Mutanen littafi ma ba su zo ba, sai kujerunsu biyu a gindin matakala. Ba wanda ya taɓa su, kowa ya raɓa ta gefe.

Alhamis, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi

Sha biyu da minti arba'in saƙo ya shigo. Ba a 'yar wayar Umma ba, a tawa. Kashi uku ya zo, zan kwafe shi yadda yake.

"Baba. Na gama. Saƙon Umma ya zo min ranar Talata. Na karanta, na shiga takardar yau da shi a kaina. Ban san abin da na rubuta ba, amma na cika shafukan.

"Tun ranar barkwancin tsani na san kai ne kake rubutu. Na ɗauka jikinta ne ya hana ta riƙe waya. A saƙonta ta ce za ka ɓoye min, za ka yi ta wasa, kada in riƙe ka, haka Allah ya yi ka. Ta ce amma kada in yarda kowa ya faɗa min sai kai.

"Ba na son saƙo. Ranar da aka buɗe kira, ka kira ni ka faɗa min da bakinka. Ban yi kuka ba tukuna. Ina jiranka."

Na zauna a kan bulo a saman kangon har kowa ya sauka. Kwana biyu yarinyar nan tana ɗauke da shi ita kaɗai, a ɗakin da ba ta da kowa, ni kuma ina aika mata ta ci abinci.

Yanzu na san ƙarshen "ka". Ka faɗa mata.

Juma'a, 25 ga wata, ƙarfe huɗu da minti goma

Da safe farar motar ta wuce ta ce an buɗe kira daga ƙarfe huɗu, kuma ana gode mana da haƙuri. Yadda ba a faɗi dalilin rufewa ba, haka ba a faɗi na buɗewa ba. Na so su ƙara ko kwana biyu. Wata guda ina zaginsu a zuci, yau ni kaɗai ne a garin nan ke roƙon a bar shi a rufe.

Huɗu tana bugawa unguwa ta ɗauka. Waya a kowane gida, ta ko'ina, wata ta katse wata ta kama. Ina jin maƙwabciya tana ihu, "Kana ji na? Kana ji na?"

Ina zaune a bakin gado, gefen bargon. Sabis ya cika taf a cikin ɗaki, ba tsani, ba bene. Sabon tsanina yana jingine a tsakar gida. Yaya tana bakin ƙofa kusa da takalman, ta juya min baya, ta ce ba za ta shigo ba kuma ba za ta tafi ba.

Na gwada a madubi sau biyu. Murmushin yana dawowa da kansa.

Wayoyin biyu suna kan cinyata, ba wadda ta yi ƙara. Ba za ta kira ba, 'yar Manaja ce, ta ce ni zan kira. Na faɗa wa na'ura sau uku a gaban baƙi. Wadda ta fi kowa haƙƙin ji tana can ta riƙe kukanta kwana uku, tana bina wannan kalma ɗaya.

Lambarta tana kan gilashi. Bari in ajiye fensir.